Zoben ƙafar tsuntsu wasiƙa ce: mu karanta, mu amsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, kaka ta yi. An yanke hatsi, ana ɗaurin damma, shamuwa ta kwashi ƴaƴanta ta yi kudu. Kowa ya san zuwan shamuwa, kowa kuma ya san tafiyarta. In ta sauka bisa tsamiyar gari ko kuka, sai dattijai su ce a gyara kayan noma, ruwa ya kusa. Ba mai jifar ta, ba mai taɓa sheƙarta.

Akwai waɗansu baƙi kuma da ke sauka ƙasarmu daidai lokacin da shamuwa ke tashi. Su ba a yi musu maraba, don ba a ma lura da su. Ƙanana ne, yawancinsu ruwan ƙasa ko ruwan toka. Suna shiga cikin gawo da aduwa da ƙayar shinge, suna ta tsince-tsince. Waɗansu suna bin ƙafafun shanu a bakin tabki, cikinsu ruwan ɗorawa, suna kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Waɗansu tsattsewa ne, masu shawagi bisa fadama da marece. Daga ƙasashen Turai suka fito, suka ƙetare teku da hamada.

Wani lokaci yaro yakan harbo ɗaya da danƙo, ko kyanwa ta kama, sai a ga ɗan zobe na ƙarfe a ƙafarsa, da rubutu a jiki. Nan fa magana ke tashi. Wani ya ce sammu aka aiko. Wani ya ce tsuntsun ɗan leƙen asiri ne. Wata ta sa zoben a zare ta rataya wa jinjiri. Mai tsoro kuwa ya haƙa rami ya binne, ya yi shiru. Ba mu kaɗai ke wannan zato ba. A shekarar 2013, a ƙasar Masar, an kai wani babban tsuntsu, ɗan uwan shamuwa, wurin ƴan sanda aka kulle shi, saboda wata ƴar na'urar bincike da aka gani a bayansa.

Ra'ayinmu shi ne, zoben nan wasiƙa ce. Wani mutum ya rubuta ta a ƙasa mai nisa, ya ba tsuntsu, yana jiran amsa. Da can ba mu iya karanta ta. Yanzu mun shiga yaƙi da jahilci, mun san baƙaƙe, mun san lambobi. Bai kamata wasiƙa ta zo har bakin gonarmu mu binne ta ba. Abin da ke cikinta kuwa ya shafi ruwan samanmu da itatuwanmu.

Inda ake sa zoben

Wanda ya soma wannan aiki malamin makaranta ne, mutumin ƙasar Danmak, sunansa Mortensen. A shekarar 1899 ya yanka ƴan guntayen ƙarfe marar nauyi, irin wanda ake ƙera tukunya da cokali da shi. Ya buga lamba da adireshi a jikin kowane, ya naɗa wa tsuntsaye a ƙafa, ya sake su. Daga nan dabarar ta bazu. Yau kusan kowace ƙasa ta Turai tana da nata zoben.

Mu ɗauki tasha guda don mu ga yadda aikin yake. A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, akwai wani dogon tsibiri cikin teku, ana ce da shi Olan. A ƙarshensa na kudu akwai wani wuri mai suna Otenbi. Nan ƙasa ta ƙare, sai ruwa. Akwai hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, da ɗan lambu a gindinta. Tsuntsun da ya nufo kudu, in ya zo nan yakan sauka ya huta kafin ya ƙetare ruwa, kamar yadda ayari ke yada zango a rijiyar ƙarshe. Tun shekarar 1946 aka buɗe tashar tsuntsaye a wurin. Daga lokacin zuwa yau an sa wa tsuntsaye fiye da miliyan guda zobe a wannan ɗan lambu da kewayensa.

Kakarsu ba irin tamu ba ce. In ta shigo, ganye yakan kaɗe, rana ta gajarta, sanyi ya sauko har ruwa ya daskare. Ƙwari su mutu ko su ɓuya. Tsuntsun da ƙwaro ne abincinsa, dole ya tashi. A Otenbi aikin kaka yana somawa 25 ga watan Yuli, ya ƙare 15 ga Nuwamba. Masu doguwar tafiya, wato masu zuwa Afirka, su ke fara wucewa, cikin Agusta da Satumba. Na baya yawanci kudancin Turai suke tsayawa.

Tun kafin fitowar rana ma'aikata ke tashi. Su buɗe raga mai siririn zare baƙi, wadda aka ɗaure tsakanin sanduna. Tsuntsu ba ya ganin ta, sai ya faɗa ciki ya kwanta kamar a aljihu. Akwai kuma babban tarko na waya mai siffar mazurari, bakinsa da faɗi, ƙarshensa tsuke, da akwati a ƙarshen. Kowane rabin awa ake zagayawa. Ba a barin tsuntsu ya daɗe a raga. In ruwa ya sauko ko iska ta yi ƙarfi, sai a naɗe ragar. Kowane tsuntsu a sa shi cikin ƴar jakar ƙyalle, don in ya ga duhu yakan natsu.

A ɗakin aiki mutum guda ke riƙe da tsuntsu, wani na riƙe da alƙalami. Da farko a faɗi irin tsuntsun. A zaɓi zoben da ya dace da kaurin ƙafarsa, a matse da awartaki na musamman. Zoben ba ya kama fata, yana juyawa kamar munduwa a hannun mace. Nauyinsa ga tsuntsu bai wuce na agogo ga mutum ba. Sai a shimfiɗa fiffike a auna tsawonsa. A duba gashin, don daga sabuntarsa ko tsufansa ake gane ɗan bana ne ko babba. A sa shi a ma'auni. Sannan a yi wani abin da zai ba ku dariya: a juya shi rigingine, a hura masa iska a ciki da baki. Gashi ya buɗe, fatar siririya ce, sai a hango kitse rawaya a ƙarƙashinta. A ba kitsen maki, kamar yadda mai sayen rago ke taɓa gadon baya ya san abin da zai taya. Duk wannan minti ɗaya ne ko biyu. A buɗe hannu, tsuntsu ya tashi.

Ba kowa ke wannan aiki ba. Sai wanda ya yi koyo a hannun gwani, shekara ɗaya ko fiye, aka ba shi takardar izini. Da yawansu ma ba albashi suke ɗauka ba, sha'awa ce ta kawo su. Abin da ya burge mu a nan, mu masu aikin karantarwa, shi ne kundin. Kowace rana raga iri ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekara da shekaru. Ranar da aka kama dubu a rubuta, ranar da aka kama biyar a rubuta. Da haka ne ake iya gwada bana da bara, a ce wannan iri ya ƙaru, wancan ya ragu. Kwamitin rumbun tsimi da ke riƙe da kundinsa haka, ba ya faɗuwa.

Tafiyar da ba madugu

Akwai wani daga cikin baƙin nan da za mu kira farin wuya, don maƙoshinsa fari ne fat. Nauyinsa kamar garam 15. Ku ɗora kuɗin ƙarfe biyu na dala ashirin a tafin hannu, to kusan nauyinsa ke nan. Daga kudancin Suwidin zuwa Maraɗi kusan kilomita 5000 ne. Wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram fiye da sau biyar. A tsakani ga Bahar Rum, ga hamadar Sahara mai faɗin kilomita 1500 zuwa 2000.

Ayarin gishiri da ke zuwa Bilma, shi ma da kaka yake tashi. Yana da madugu wanda ya san taurari, da salkunan ruwa, da harawar raƙuma. Ɗan tsuntsun nan da aka ƙyanƙyashe watanni biyu ko uku da suka wuce, shi kaɗai yake tafiya, da dare, ba uwa ba uba. Masana sun gano yana lura da taurari, da inda rana ke faɗuwa, da wani ƙarfi na maganaɗisu da ke cikin ƙasa, irin wanda ke juya allurar kamfas. Guzurinsa kuwa kitsen nan ne da ake hura ciki a duba. Kafin ya shiga hamada yakan yi ta ci har ya yi ƙiba. Akwai irin da ke ninka nauyinsa, daga garam 11 ya wuce 20. Kitsen shi ne abincinsa, shi ne kuma salkarsa, don in jiki ya ƙona kitse ruwa na fitowa. Da yawa suna tashi da dare, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ta ɗan tsiro, ba ci ba sha, har su fito.

Wani lissafi da masana suka fitar a 2009 ya ce ƙananan tsuntsaye wajen miliyan dubu biyu ke barin Turai su nufo Afirka ta kudu da Sahara kowace kaka. In sun fito daga hamada, ƙasar farko mai ɗanyen ganye da suke tararwa ita ce irin tamu. Waɗansu su huta su wuce kudu. Tsattsewa takan kai har Afirka ta Kudu. A watan Disamba na 1912 aka tsinci tsattsewa a wata gona a can, da zoben da aka sa mata a Ingila shekara guda da rabi kafin nan. Da wanda ya tsinta bai aika da labari ba, da ba wanda ya sani. Waɗansu kuma, kamar farin wuya, nan wajenmu suke zama har ɗari ya wuce. Zobe ya nuna cewa tsuntsu guda yakan komo wuri guda, fadama guda, shekara bayan shekara.

Turawa suna son su saboda zaƙin kukansu. Mu ba mu cika jin wannan kuka ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su kuwa sai lokacin aure da sheƙa suke sakin murya sosai, a can. Amma in an ƙirga watanni, farin wuya ya fi daɗewa a Afirka bisa ga Turai. To na wane ne shi? In na su ne da haihuwa, namu ne da zama.

Shekarar da ba su koma ba

Ga dalilin da ya sa muka ce maganar ta shafe mu. A bazarar 1969, masu ƙirgar tsuntsaye da masu sa zobe a Ingila suka ga abin mamaki. Farin wuya, wanda ke cike da kowane shinge, bai komo ba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Aka yi ta tambaya: guba ce, ko cuta, ko iska ta halaka su a teku? Sai a 1974 masana suka bayyana amsar. Damanar 1968 ba ta yi kyau ba a ƙasashen bakin hamada. Tsuntsayen sun zo sun tarar da daji a bushe, ba ƙwari, ba ƴaƴan itace. Waɗansu suka mutu a nan, waɗansu suka shiga hamada ba kitse.

Dattijanmu ba su bukatar a gaya musu abin da ya biyo baya. Farin da ya soma a 1968 shi ne ya kai mu ga yunwar 1973 da 1974, wadda ta share garke ta watsa garuruwa. Wato kundin tsuntsaye ya nuna alamar masifar shekara huɗu kafin duniya ta juyo ta dube mu. Haka aka sake yi a farin 1983 da 1984, yunwar da mutane ke kira El Buhari. Tsattsewar da ke haƙa rami a gaɓar kogi ta ragu ƙwarai a Turai. Daga baya, da aka bi kundin zobe na shekaru masu yawa, aka ga wani ɗan tsuntsun fadama, yawan waɗanda ke komawa da rai yana hawa yana sauka tare da ruwan saman Afirka ta Yamma. Shekarar da tabkuna suka cika, ya komo da yawa. Shekarar da suka ƙafe, ya ragu.

Mu da su rijiya guda muke sha. Abin da ya kashe su shi ke kashe tumakinmu.

An taɓa kawo wannan aiki kusa da mu. A Malamfatori, bakin tabkin Cadi, ƙetaren Boso ta wajen Najeriya, masana daga Ingila sun kafa raga a 1967. Sun ga yadda baƙin ke tara kitse da bazara kafin su koma arewa. Suna cin ƙananan ƙudajen tabki, da ƴaƴan wani itace wanda ake yin asuwaki da saiwarsa. A ƙarshen shekarun 1990 mutanen Otenbi da kansu suka zo wurin suka yi aiki. A Jos kuma, tun farkon shekarun 2000, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye da ke tare da jami'ar garin, tana koyar da ɗalibai ƴan Afirka.

Gawo

Waɗansu masana daga ƙasar Holan sun yi shekaru suna yawo a ƙasashen bakin hamada. Suna tsayawa gindin itace ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sun duba itatuwa fiye da dubu ɗari uku, suka bayyana sakamakon a 2015. Baƙin nan suna da zaɓe. Fiye da rabin ire-iren itatuwan, ko ɗaya ba a gani a kansu ba. Inda suke taruwa shi ne itatuwa masu ƙaya: gawo, da kandili, da aduwa, da danginsu. Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira bedi, kusan wofi yake.

Manomi zai gane dalili da kansa. Ganyen dogon yaro ɗaci gare shi, shi ya sa muke zuba shi cikin wake don korar ƙwari. Itacen da ƙwaro ba ya ci, me tsuntsu zai samu a kai? Itace mai ƙaya kuwa da ƙayarsa yake tsare kansa, ganyensa ba ɗaci, ƙwari na son sa. Ba mu ce dogon yaro ba shi da amfani ba. Yana ba da inuwa, yana tare iska. Amma ba ya maye gurbin gawo.

Gawo kuwa kun san halinsa, saɓanin sauran itatuwa. Da damana yakan zubar da ganye, ya bar hatsi ya sha rana. Da kaka ya yi sabon ganye, ya yi fure. Daidai lokacin ne baƙin ke fitowa daga hamada, a rame, kitse ya ƙare. Furen ya jawo ƙwari, tsuntsu ya samu abinci. Itacen nan guda shi ke takin gona, shi ke ba awaki ƴaƴa da rani, shi ke saukar da baƙo. Dattijan Damagaram suna ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu saran gawo babban laifi ne.

A nan manoman ƙasarmu sun yi abin da ya isa a faɗa. Tun shekarun 1980, a jihar Maraɗi, aka soma sassaben zamani: maimakon a sare kowane toho a ƙone, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a gyara shi ya zama itace. Dabarar ta bazu. Binciken da aka bayyana a 2009 ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya ya ga gawo da idonsa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi hakkinsa bisa itacen da ya raina a gonarsa. Ba don tsuntsu aka yi wannan aiki ba, don ciki aka yi. Amma tsuntsu ya ci albarkacinsa.

Sai dai muna da magana da masu hawa gawo da gatari da rani. In an datse dukan rassa, aka bar kututture tsirara, ba fure ba ƴaƴa a shekara mai zuwa. Dabba ta ci yau, ta rasa gobe. A rage wani sashe, a bar wani.

Wani zai ce

Mun san abin da wani zai ce, don mun sha jin sa a majalisa: "Muna fama da abin da za mu ci, ku kuna maganar tsuntsun Nasara. Tsuntsu ma ai shi ke cinye mana hatsi."

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an haɗa mai laifi da marar laifi. Mai cin hatsi da dawa da shinkafa shi ne jan baki da ƴan uwansa, masu zuwa kamar hayaƙi. Su ƴan Afirka ne, ba sa zuwa Turai. Ku dubi baki. Mai cin tsaba bakinsa gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Baƙin da muke magana bakinsu siriri ne kamar tsinke, don tsintar tsutsa, da ƙudaje, da sauro, da ƙwarin ganye. Ba za mu ce muku su kaɗai za su tsare garka daga ƙwari ba. Amma duk tsutsar da tsuntsu ya ci, ba kuɗin magani aka kashe ta da shi ba. Kuma maganin da ake fesa wa jan baki a makwancinsa guba ce mai ƙarfi, ba ta tambayar sunan tsuntsu. Don haka feshi aikin ma'aikatan kare shuka ne, a inda ya zama dole. Kada kowa ya tsinci tsuntsun da feshi ya kashe ya kai tukunya.

Haka kuma ba mu yarda a ɗora wa yaron ƙauye mai danƙo laifin raguwar tsuntsayen nan ba. Wata ƙungiyar duniya mai kula da tsuntsaye ta ƙiyasta a 2015 cewa ana kashe wajen miliyan 25 kowace shekara ba bisa doka ba, a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. A gaɓar tekun Masar ana kafa raga mai tsawon ɗaruruwan kilomita da kaka. A Turai kanta, noman manyan injuna ya tumɓuke shinge, maganin feshi ya rage ƙwari. Kowa ya share ƙofar gidansa. Namu rabon shi ne itace da tabki: Madarunfa, Tabalak, Gidimuni da sauransu, kada a bar su su cike da rairayi, kada a aske bakinsu ƙwal.

Muna kuma da ƙorafi ga masu zoben. Da ɗan gari akan ci gari. Ilimin da aka tara daga tsuntsayen da suka yi rabin rayuwarsu a gonakinmu, yawancinsa yana cikin harsunan da manomi ba ya karantawa. Ya kamata ya komo mana da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Muna da jami'a a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Muna son mu ga ƴaƴanmu sun koyi wannan aiki, sun kafa raga a bakin tabkunanmu, har wata rana wani a Turai ya kama tsuntsu ya karanta sunan Yamai a ƙafarsa.

In zobe ya zo hannunku

Cikin ƙananan tsuntsaye ɗari da aka sa wa zobe, da wuya a sake jin labarin ko ɗaya daga wani wuri mai nisa. Daga ƙasashenmu kuwa abin ya fi haka wuya. Saboda haka zobe guda daga ƙauye guda yana da daraja a wurin masu bincike. Amma mu faɗa muku gaskiya tun yanzu: ba kuɗi a ciki. Ƙarfen ba azurfa ba ne, ba kuma lada ake biya ba. Abin da ake aiko wa mutum shi ne labari: irin tsuntsun, da garin da aka sa masa zobe, da ranar, da nisan da ya yi.

In tsuntsun yana da rai, kada a cire zoben, za a karya masa ƙafa. A riƙe shi a hankali, a juya zoben, a kwafe rubutun, a sake shi. In matacce ne, a buɗe zoben a miƙe shi, a ajiye. Rubutun iri biyu ne. Akwai sunan gari ko na gidan bincike, da baƙaƙen boko: na Faransa akwai Paris a jiki, na Ingila London, na Suwidin Stockholm. Akwai kuma lamba, wani lokaci da baƙi ɗaya ko biyu a gabanta. Lambar nan ta tsuntsu ɗaya ce tak a duniya. In an kuskure ɗaya, an koma kan wani tsuntsu dabam. A lura da 6 da 9, kada a riƙe zoben a kife. A lura da 1 da 7, da 3 da 8. Mutum biyu su karanta, kowa ya rubuta nasa, a gwada. Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci, ga darasin lissafi ya zo muku har gida.

Bayan lamba sai a rubuta ranar da aka same shi, da sunan ƙauye, da babban garin da ke kusa, kilomita nawa, gabas ko yamma. A faɗi yadda aka same shi. In yaro ya harbe shi, a ce yaro ya harbe shi. In kyanwa ce, a ce kyanwa ce. Masu zoben ba alƙalai ba ne, sanin abin da ke kashe tsuntsun ma yana cikin abin da suke nema.

Sai maganar lafiya. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasarmu, an tabbatar da ita a Magarya a watan Fabrairu na 2006. Ta fi kama kaji da agwagi da tsuntsayen ruwa, ba ƙananan nan ba. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Kada a taɓa mataccen tsuntsu da hannu tsirara, a sa hannu cikin leda. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada a kawo gawar cikin gida inda kaji suke, a binne ta. Kada a bar jinjiri ya sa zoben a baki. In kuwa an tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu wuri guda, ba a taɓa ko ɗaya ba, da zobe ko ba zobe. A sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan.

Takardar da kuka rubuta, ku kai wa ma'aikacin gandun daji na kusa da ku, ko malamin cibiyarku. Wanda ke da salula mai intanet yana iya ɗaukar hoton zoben, ya shiga adireshin www.ring.ac, inda ƙasashen Turai suka haɗu suna karɓar irin wannan labari, har da Faransanci. A sa sunan ƙauyen da kyau, da adireshin wanda za a maido wa amsa. In amsar ta zo, a karanta ta a cibiya gaban kowa, a nemi taswira a lakkol a nuna wa yaron da ya kawo zoben garin da tsuntsun ya fito.